Ido ya gani a sakan 4, hannu ya amsa a sakan 6? Ku duba min wannan sakamakon fMRI

Ɗan_Naraguta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar fMRI, wato hoton injin MRI da ke nuna inda ƙwaƙwalwa take aiki, a gidan nan ina neman taimako, tun shekaranjiya abin nan ya hana ni barci. Ina kan furojet ɗina na digiri na biyu, tunda ba ni da halin ɗaukar sikan da kaina sai na sauko da data kyauta daga shafin intanet na OpenNeuro, ta mutum 20. Gwajin mai sauƙi ne, mutum yana kwance cikin injin, hoto ya haska a allo, shi kuma ya danna maɓalli da hannun dama. Da na zana siginar sai na ga ɓangaren gani na ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ya kai ƙololuwa sakan 4 bayan hoton, ɓangaren motsa hannu da ke saman kai kuma sai a sakan 6. Ni a fahimtata ke nan saƙo yana cin sakan 2 kafin ya tashi daga gani ya isa ga hannu. Har na rubuta haka a babi na 4, ranar Litinin zan kai wa sufabaiza. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Daidai ne ko akwai inda na kauce?

Injiniya_Bukuru: Wa alaikumus salam. Ni ba likita ba ne, harkar lantarki nake, amma ƙanina ka yi wannan lissafin. Mota tana gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. In da gaske sai an yi sakan 2 kafin abin da ido ya gani ya kai ga gaɓa, to direban da yaro ya faɗo masa titi a Bauchi Road sai ya ci mita 28 kafin ma ƙafarsa ta fara neman birki. Mu da muke tuƙi kullum mun san ba haka ba ne. Ka duba fayil ɗinka, ba su rubuta lokacin da kowa ya danna maɓallin ba?

Ɗan_Naraguta: Sun rubuta Oga. Yanzu na buɗe, yawancinsu tsakanin sakan 0.3 da 0.5 suka danna. Innalillahi. Wato hannun ya riga ya gama aiki tun kafin siginar tawa ta fara tashi.

Dakta_Rikkos: To ai ka amsa wa kanka. Injiniya ya kama bakin zaren. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne fMRI ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki, jini take gani. Ƙwayoyin su yi aikinsu cikin milisakan su gama, sai ƙananan hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini mai oksijin ya kwararo har ya fi abin da ake buƙata. Himogulobin shi ne abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, wanda ya riga ya sauke oksijin yana ɗan dagula maganadisu, wanda ke ɗauke da oksijin kuma ba ya yi, Linus Pauling da Charles Coryell ne suka gano haka tun 1936. To in sabon jini ya zo ya kore tsohon sai sigina ta ɗan ɗaga, ɗagawar ma 'yar kaɗan ce, kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Wannan shi ne BOLD ɗin da Seiji Ogawa ya nuna a ɓeraye a 1990, a 1992 kuma aka fitar da sakamakon farko-farko a jikin mutane.
Yanzu ga inda matsalarka take. Wannan zuwan jinin yana farawa kamar sakan 1 zuwa 2 bayan aikin, ya kai ƙololuwa wajen sakan 4 zuwa 6, ya sauko har ya ɗan nutse ƙasa da inda ya taso, ba ya komawa daidai sai an haura sakan 20. Ka ga 4 ɗinka da 6 ɗinka duk suna cikin abin da aka saba gani na jini, ba su gaya maka komai ba tukuna game da wa ya riga wa.

Maman_Ikram: Dakta don Allah a sauƙaƙa mana, mu da ba ɗalibai ba muna biye fa.

Dakta_Rikkos: To Hajiya. Ki ɗauka gida biyu a Anguwan Rogo, ruwa ya ƙare musu, kowa ya aika a kira ɗan garuwa. Gidan farko yana bakin titi, na biyu yana can saman dutse, lungu ne mai kwazazzabo sai an sha wahalar tura kura. Ke kina tsaye daga nesa ba ki ji lokacin da aka yi aike ba, shigar jarkoki kawai kike gani. Kika ga ruwa ya shiga gidan bakin titi ƙarfe 8, na saman dutse ƙarfe 9. Za ki iya rantsuwa cewa na bakin titi ne suka fara aike? Ƙila tare suka aika, ƙila ma na saman dutsen ne suka riga, hanya ce ta riƙe musu ruwa. Haka ɓangarorin ƙwaƙwalwa suke, kowanne da irin hanyoyin jininsa. Wurin da ke kusa da babbar jijiyar da ke kwashe jini ma siginarsa takan makara fiye da ta cikin naman ƙwaƙwalwar.

Maman_Ikram: Yanzu kam na gane. Allah ya ƙara basira.

MaiHoto_Lamingo: @Ɗan_Naraguta TR ɗinka nawa ne, wato tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto? Shekara 9 ina aiki da injin MRI, duk da dai namu na duba marasa lafiya ne ba na bincike ba, amma wannan tambayar ce ta farko da ya kamata ka yi wa kanka.

Ɗan_Naraguta: Sakan 2 ne Yaya.

MaiHoto_Lamingo: Ka gani ko. Wato injin yana ɗaukar hoton kai gaba ɗaya sau ɗaya ne a duk sakan 2. Abin da kake da shi 0, 2, 4, 6, 8 ne, babu 5 babu 4.5. In ɗaya ya kai ƙololuwa a 4.8 ɗayan a 5.2, kai za ka iya ganinsu a matsayin 4 da 6, alhali tsakaninsu bai kai rabin sakan ba. Sannan abu na biyu, injin ba ya ɗaukar kan a lokaci guda, yanka-yanka yake yi kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, yanka 30 da wani abu, ɗaya bayan ɗaya. In daga ƙasa ya faro, yankan da ya ratsa ƙeya an ɗauke shi da wuri, na saman kai sai can wajen ƙarshe, tazarar na farko da na ƙarshe ta kusa sakan 2 cif. Wani injin ma tsallake yake yi, 1, 3, 5 sannan ya dawo 2, 4, 6. Ka yi gyaran lokacin yanka kafin ka zana? Akwai shi a manhajar SPM akwai a ta FSL, kuma jerin lokutan yakan zo a ƙaramin fayil ɗin json da ke tare da datar.

Ɗan_Naraguta: Wlh ban yi ba. Bidiyon da na bi ya ce in TR gajere ne ana iya tsallakewa.

MaiHoto_Lamingo: Ana iya tsallakewa in tambayarka ita ce ina ne ya yi aiki. Kai kuwa tambayarka yaushe ce, ba ka da hujjar tsallakewa.

Abu_Sumayya_Gangare: Ni wannan maganar ta tuna min wani bidiyo da ake ta turawa a WhatsApp, wai Turawa sun sa mutane a irin wannan injin sun gano ƙwaƙwalwa tana yanke hukunci sakan 10 kafin mutum ya san ya yanke. Wani yaro a majalisarmu har yana cewa wai kimiyya ta tabbatar ɗan Adam ba shi da zaɓi. Abin ya dame ni gsky. In siginar da kanta makara take yi, ta yaya suka san sakan 10 ne?

Malama_Fisiyoloji: Malam Abu Sumayya tambayarka ta zo a kan gaɓa. Binciken gaskiya ne an yi shi, a Jamus, John-Dylan Haynes da abokan aikinsa suka fitar a 2008. Mutum zai zaɓi danna maɓallin hagu ko na dama duk lokacin da ya ga dama, sai suka ga akwai alama a siginar gaban ƙwaƙwalwa kamar sakan 7 kafin lokacin da mutumin ya ce ya yanke shawara. Sakan 10 ɗin kuwa daga wannan jinkirin jinin da muke magana ya fito, sun ƙara kusan sakan 3 ne a kai saboda sun san abin da jini ya nuna yanzu ya riga ya faru a baya. Ka ga ko su sai da suka yi lissafi da jinkirin.
Amma abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, hasashen nasu yana dacewa ne kusan kashi 60 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai samu 50. Kuma zaɓin hagu ko dama ne wanda ba riba ba asara, ba zaɓin aure ko barin aiki ba. Kafin su, Benjamin Libet ya yi makamancinsa a 1983 da EEG, na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai, shi nasa ma kusan rabin sakan ne kafin motsi, kuma har yau masana suna jayayya kan ma'anar wannan siginar, wasu na ganin shiri ne kawai da ke taruwa ba hukunci ba.

Abu_Sumayya_Gangare: Jazakillahu khairan Malama. 60 cikin 100 kuma ake ta wannan kururuwar.

Ɗan_Dilimi77: Amma dai 60 ya fi 50, kar mu raina. Akwai wani abu a wurin. Ni ban ce ba mu da zaɓi ba, amma ban ga laifi ba in aka ce jiki yana fara karkata kafin mutum ya farga. Ko a kasuwa wani lokaci hannunka ya kai kan kaya kafin ka gama tunani.

Abu_Sumayya_Gangare: Karkata daban hukunci daban ɗan'uwa. Maganar ƙaddara da zaɓi kuma tana da malamanta, ba injin zai raba wannan gardamar ba.

Admin_Terminus: Jama'a a yi haƙuri a dawo kan tambayar ɗalibi, Litinin ta kusa. Mai son waccan muhawarar ya buɗe mata nata zaren.

Sista_TudunWada: Kafin a koma, Dakta ina da tambaya da ta shafe ni. Babanmu shekararsa 71, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, da asuba muka ga bakinsa ya karkace kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya samu sauƙi Allah ya taimaka, yana tafiya da sanda, amma in ka yi masa magana sai ya ɗan jima kafin ya amsa. Da na karanta misalin ɗan garuwa sai jikina ya yi sanyi. Jinin ne yake makara shi ya sa amsarsa take makara?

Dakta_Rikkos: Sannu Sista, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abu biyu ne kar su haɗe miki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa zaman jiran wancan ƙarin jinin kafin su yi aiki, ai kin ga mutanen ɗalibinmu sun danna maɓalli tun jinin bai taso ba. Jinkirin amsar Baba ya fi kama da raunin da ciwon ya bari a wuraren magana ko hanyoyin da ke haɗa su, tunda hannun dama ne ya taɓu to ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne, kuma a nan magana take ga yawancin mutane. Likitan da ke ganinsa shi zai tantance. Ku dai ku riƙa ba shi lokaci, kar a riƙa ƙarasa masa magana, kuma kar a yi wasa da maganin hawan jini.
Inda tambayarki ta haɗu da zancenmu shi ne, a mai irin wannan ciwon ko mai toshewar jijiyar wuya, siginar BOLD takan makara da sakanni a ɓangaren da jini ba ya isa sosai. Da ana ɗaukar wannan a matsayin abin da ke ɓata sakamako, sai a 2013 wasu masu bincike a Jamus suka nuna za a iya zana taswirar jinkirin kansa a ga inda jini ya yi ƙaranci, ba tare da an yi wa mutum allurar ruwan hoto ba. Wannan ɓangaren ni ya fi burge ni, don a nan jinkirin yana faɗin gaskiyar abin da yake aunawa, wato jini.

Sista_TudunWada: Na gode Dakta. Wlh muna yawan ƙarasa masa magana don tausayi, zan gaya wa 'yan gida.

Maman_Ikram: Dakta to masu sikila fa? 'Yata tana da shi, shekararta 6, kullum ana ce min a kula da jijiyoyin kanta. Sai an yi mata wannan fMRI ɗin?

Dakta_Rikkos: A'a Hajiya, ba shi take buƙata ba. Abin da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 shi ne TCD, na'ura ce irin ta sikanin ciki ake ɗorawa a gefen kai a auna gudun jini, sau ɗaya a shekara, ba zafi ba allura. In gudun ya kai santimita 200 a sakan to haɗarin shanyewar jiki ya yi yawa sai a ɗauki mataki, ko ƙarin jini ko maganin hydroxyurea, a Kano ma an yi babban bincike a kan amfani da maganin don wannan. Ki tambaya a asibitin da take zuwa kilinik. Amma ga masu bincike irin Ɗan_Naraguta darasi ne, mai sikila jininsa ya yi ƙaranci kuma gudun jinin ƙwaƙwalwarsa ya riga ya yi sama tun yana hutawa, in ka kwatanta siginarsa da ta wani ka ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta aiki sosai ka zalunce shi. Haka tsoho da yaro, haka jariri.

Ɗan_Dilimi77: Ni fa yanzu na fara shakkar abin gaba ɗaya. In jini ne kawai, me ya sa ake kashe maƙudan kuɗi a kai? A koma EEG mana.

Malama_Fisiyoloji: Kar ka yi saurin yanke masa hukunci. EEG tana ba ka lokaci daidai har milisakan amma da ƙyar take gaya maka daga ina, fMRI tana nuna maka wuri har milimita 2 ko 3 amma a makare. Kuma ba jini ne kawai haka siddan ba, Nikos Logothetis ya sa wayoyi a ƙwaƙwalwar birai yana ɗaukar fMRI a lokaci guda, 2001 ke nan, ya nuna siginar tana bin aikin ƙwayoyin wurin. Kuskuren yana zuwa ne in ka ɗauki wuri biyu daban ka ce wanda ya riga tashi shi ke tura ɗayan. A Faransa an gwada wannan a 2008 da ɓeraye masu farfaɗiya, wayoyin da aka dasa sun nuna inda farfaɗiyar take tasowa, amma wurin nan jininsa ya fi na sauran nawa, don haka lissafin wa-ya-riga-wa a kan siginar fMRI tsura bai kamo shi ba sai da aka cire tasirin jinkirin kowane wuri.
@Ɗan_Naraguta in kana son maganar lokaci akwai hanya mai tsafta. Kar ka gwada ƙeya da saman kai. Ka tsaya a wuri ɗaya ka gwada yanayi biyu, misali gwajin da mutum ya danna da sauri da wanda ya yi nawa. Hanyar jinin ba ta canza ba tunda gida ɗaya ne lungu ɗaya, to in lokaci ya motsa ka fi samun hujjar cewa daga aikin ne. Ravi Menon da abokansa a Kanada sun yi irin haka tun 1998 sun iya rarrabe tazarar da ba ta kai sakan ɗaya ba.

Injiniya_Bukuru: Wannan daidai yake da aikinmu. Mita biyu daban ba ka yarda da bambancinsu sai ka san kuskuren kowacce, amma mita ɗaya ka auna sau biyu ka fi samun natsuwa.

Baba_Goro_Yantaya: Ina ta karatu ban sa baki ba. Na ji an ce shayi da kofi suna taɓa wannan awon. To mu masu cin goro fa? Ni kafin azahar na ci uku.

MaiHoto_Lamingo: Baba goro ma yana da sinadarin kafeyin ɗin da ke cikin kofi, kuma yana tsuke hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya rage gudunsa, don haka yana canza girman siginar da lokacinta. Shi ya sa masu bincike suke tambayar abin da mutum ya sha kafin ya shiga. Numfashi ma haka, in ka riƙe numfashi na sakan 15 ko 20 siginar kusan duk kai sai ta tashi ba tare da wani tunani ba, har da gangan ake sa mutane su yi don a auna saurin jijiyoyin kowane wuri. Duk ranar da aka fara irin wannan binciken sosai a nan Jos dole fom ɗin ya tambayi goro, Bature ba zai tuna ya sa shi ba.

Baba_Goro_Yantaya: To madalla, a rubuta da goro da shayin safe, don a sanyin Jos ba mai fitowa bai sha ba.

Ɗan_Naraguta: Salam, na dawo. Jiya an ɗauke wuta sai da na je shagon abokina na yi cajin laftof, na kwana ina sake komai. Na yi gyaran yanka kamar yadda Yaya MaiHoto ya ce, ashe daga ƙasa zuwa sama aka ɗauka. Sannan maimakon in duba inda layi ya fi tsawo da ido sai na bar manhajar ta kimanta lokacin. Tazarar ta sauko daga sakan 2 zuwa kamar 0.7. Abin da ya fi ba ni mamaki, da na duba mutum-mutum, a 6 daga cikin 20 ɓangaren hannu ne ma ya riga na gani tashi, wanda ba zai yiwu a ce sun danna kafin su gani ba. Na goge waccan jimlar daga babi na 4. To amma 0.7 ɗin da ya rage in rubuta shi a matsayin me?

Dakta_Rikkos: Ka rubuta shi a matsayin bambancin lokacin siginar BOLD tsakanin wurare biyu, ka tsaya nan, ka kawo mutum 6 ɗin nan a matsayin hujjar cewa jijiyoyi suna da hannu. Ni a ganina kusan dukkansa na jini ne.

Malama_Fisiyoloji: Dakta a nan kam ban bi ka duka ba. Mutanen sun danna ne a 0.3 zuwa 0.5, ke nan akwai tazarar gaske ta aiki a ciki, ba za a ce duka jini ba ne. Matsalar dai ba zai iya raba su da wannan datar yadda ya yi ba. Ya raba gwaje-gwajen gida biyu, masu sauri da masu nawa, ya duba ɓangaren hannu kaɗai ya ga ko ya motsa.

Dakta_Rikkos: Da TR na sakan 2 da tazarar 0.2 tsakanin mai sauri da mai nawa? Malama sai dai in gwaje-gwajen suna da yawa sosai kuma ba a daidaita fitowar hoton da bugun TR ba. Ƙanina gwaji nawa kowane mutum ya yi?

Ɗan_Naraguta: 60 ne Dakta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ce, wani sakan 9 wani 13 wani 16. Zan gwada abin da Malama ta ce yau da daddare in wuta ta tsaya. Yaya MaiHoto don Allah in na turo maka hoton saitin da na yi za ka duba min ko jerin yankan na shigar daidai? Ina tsoron kar in kasance na juya shi.

MaiHoto_Lamingo: Turo bayan isha'i, ina dutin yamma yau. Ka haɗo da fayil ɗin json ɗin.